Sunan Ranar Litinin

Shekara tara Sammani yana dakon katan-katan na sabulu a wata masana'anta bayan tashar jirgin ƙasa, amma bai taɓa cika wata uku da suna ɗaya ba. Lebura in ya cika wata uku, dole a mai da shi ma'aikacin dindindin. Saboda haka ana gab da cikawa sai a sallame shi, ya yi mako guda a gida a Fagge, ya dawo da sabon suna. Ambrose, shugaban leburori, shi ya koya masa. Ya yi Ilu, ya yi Tanimu. Yanzu Garba ne.

Da soja suka sauka daga mulki, ƙungiyar ƙwadago ta samu bakin magana. Aka jera leburori a rana, gaban manaja da wakiliyar ƙungiya, Madam Agnes, wadda ba ta daɗe da dawowa daga kwas a Jamus ba.

"Duk wanda ya haura shekara biyu za a tabbatar da shi," in ji ta. "Sauran, kamfani ya ce su tafi. Da a Jamus ne, gwamnati ke riƙe mutum har ya samu wani aikin."

"A nan fa, Madam?" wani lebura ya tambaya.

"Surukinka!" wani ya amsa daga baya. Dariyar ba ta yi nisa ba.

Layi ya zo kan Sammani.

"Suna?"

"Garba. Shekarata tara, Madam."

"Garba watansa biyu," in ji manaja, ko ɗagowa bai yi ba.

Agnes ta juya ga Ambrose. "Kai ka san su. Wanne ne gaskiya?"

Sammani ya zuba masa ido. Mutumin nan daga Sabon Gari ya tako har Fagge ranar sunan 'yarsa Bintu. Amma in Ambrose ya ce tara, ya tona asirin kamfanin a gaban manaja, shi ma nasa aikin ya tafi.

Ambrose ya goge wuya da hankici. "Sabo ne, Madam."

Aka sallami Sammani. A bakin ƙofa Ambrose ya cim masa, yana haki.

"Sammani, tsaya mana. Litinin za su ɗebi sababbi. Ka nemo suna."

"Sun ƙare. Har na ubana na ba ku."

"To, ka zo da naka. Ba wanda ya san shi a ciki."

Sammani ya juyo.

"Ƙarfe nawa?" ya ce.