Ranar Da Aka Cire Dariyar Turawa

An dakatar da kallon Mai Laima a gidan kallon Shamsu da ke bayan layin dogo a Agege, kuma makirufon da Ladan yake fassara da shi yana kulle a cikin durowa. Shamsu ya ce bai kori kowa ba, amma ba za a sake kunna wasan ba sai Ladan ya ba shi amsar wata tambaya. Abin ya faru ne ranar Alhamis bayan la'asar, a gaban mutanen da suka cika benci, lokacin da Ladan ya yi dariya shi kaɗai.

Mai Laima tsohon wasan barkwanci ne na talabijin ɗin Ingila. Ba wanda ya damu da sunansa na ainihi a Agege. Labarin wani dogon Bature ne mai shagon laima a wani ƙaramin gari, mutum mai son a ga girmansa, wanda kullum sai an taka shi, shi kuma ya ce ya gode. Shamsu ya gaji faifan wasan ne tare da gidan kallon daga wansa. Sauran ranakun mako na ƙwallo ne da finafinan Indiya, amma Alhamis ta Mai Laima ce, kuma an yi shekaru ana juya faifan nan ba wanda ya ce ya gaji. 'Yan dako daga kasuwar Mile 12 sukan hau motar haya ta danfo su zo. Dattawan layin goro suna da bencinsu a gaba, ƙarƙashin fanka.

Aikin Ladan shi ne ya zauna a gefen talabijin da makirufo, yana mayar da maganar Turawan zuwa Hausa. Turancinsa na bakin teku ne, ya koye shi a shekarun da ya yi yana ƙirga kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuma yana alfahari da cewa ba ya ƙari, ba ya ragi. Bature ya faɗa, Ladan ya faɗa, sai a ji dariyar wasu Turawa da ba a ganinsu ta tashi daga cikin akwatin, ɗakin kuma ya ɗauka gaba ɗaya. Yana da tebur na kayan masarufi a ƙofar gidan da yake haya, amma ba da shi aka san shi ba. Daga Agege har Mushin, in aka ce Ladan, sai a ce na Mai Laima.

Da faifan ya fara sarƙewa, Shamsu ya kai wa Ridwanu, surukinsa mai gyaran waya da kwamfuta a Ikeja, don ya kwashe wasan ya zuba a filashi. Ridwanu ya yi aikin da zuciya ɗaya. Ya gyara hoton har ana ganin gashin girar Baturen. Sannan ya lura akwai wata hayaniya da ke yawan rufe maganar 'yan wasan, ya ga za ta wahalar da mai fassara, sai ya sa kwamfuta ta share ta fes. Tsohon faifan kuma ya jefa shi a kwandon shara.

Alhamis ta farko da aka kunna sabon kwafin, kashin da aka fi so ne ya faɗo. Maƙwabcin Mai Laima yana aurar da 'yarsa, ya gayyaci duk layin ban da shi. Mai Laima ya tsaya a ƙofar shago cikin kwat ɗinsa mafi kyau, yana duba sama kamar mai auna hadari. Maƙwabcin ya tsallako titi ya nufo shi. Mai Laima ya gyara wuyan riga. Ashe aron laima mutumin ya zo yi, saboda baƙi. Mai Laima ya ce babu komai, da ma shi yau aiki ya yi masa yawa, ya kwaso laimomi ya miƙa. Sai kyamara ta tsaya a kan fuskarsa.

Ladan ya fassara kamar yadda ya saba, ya sauke makirufo yana jira. Ba abin da ya tashi daga cikin akwatin. Baturen yana tsaye, bakinsa yana ɗan motsi, shagon bayansa ba kowa. Ana jin ƙarar janareta da kiran kwandastan danfo daga titi. Ladan bai taɓa sanin tsayuwar nan tana da tsawo haka ba.

Wani daga baya ya tambaya ko sifika ce ta lalace. Shamsu ya tashi ya bubbuga ta, ya ƙara murya, maganar Baturen ta fito tar. Aka ci gaba. Har aka gama ba wanda ya yi dariya, sai tari nan da can.

Malam Badaru ne ya fara magana. Dattijo ne mai sayar da goro, wanda rabin auren da aka ɗaura a unguwar shi ya ƙulla goron gayyatarsa, kuma bai taɓa fashin Alhamis ba. Bai tashi daga benci ba, ya kira Ladan.

"Malam Ladan, tsakaninka da Allah, abin da ka faɗa shi suka faɗa?"

"Shi ne, Baba. Kullum ma shi nake faɗa."

"Wato maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya, bai aika masa ko goro ba, kuma ya zo aron kayansa ranar bikin?"

"Haka ne."

"To, mu me muke wa dariya duk shekarun nan?"

Ladan ya dubi makirufon da ke hannunsa. Shi ma yana dariya a wurin nan, har yakan kawar da makirufo don kada ta shiga. Ya tabbata abin yana ba shi dariya. Amma da ya nemi inda dariyar take a cikin maganar da ya fassara, sai ya rasa.

A waje aka tsaya ana muhawara har aka kira magariba. Wasu suka ce laifin Mai Laima ne, da ya aika matarsa ta yi wa matar maƙwabcin Allah sanya alheri tun farko, da ba a kai haka ba. Aka tuna musu ba shi da mata. Wani ya ce to shi ya sa. Khamisu, wanda yake jagorantar 'yan dakon Mile 12, ya ce su ba shari'a suka zo saurare ba, sun wuni da kwandon tumatir a ka, dariya suka zo yi. Shamsu ya ja Ladan gefe ya ce masa ya san yadda zai yi mako mai zuwa, in ba haka ba akwai masu roƙonsa ya mayar da Alhamis ta ƙwallo.

A gida Ladan ya kai maganar wurin matarsa Ni'ima. Ita haifaffiyar Agege ce, Yarbanci da Turanci duk a bakinta suke, kuma ta kalli wasan a talabijin ɗin gidansu tun tana yarinya. Ya karɓo kashin bikin a wayarsa, wanda ba dariya a ciki, ya miƙa mata tana tsinke alayyafo. Ta kalla. Daidai inda Baturen ya ce aiki ya yi masa yawa, ta tuntsire da dariya har ta ajiye faranti.

Ya tambaye ta abin da ya ba ta dariya. Ta ce ai ransa ne ya ɓaci amma ya ce babu komai. Ladan ya ce wannan kara ce, kowa yana yi, shi ma jiya ya yi wa mai gidan haya, ba wanda ya yi dariya. Ta ce ba haka ba ne, shi Baturen ya ɗauka ba wanda ya gane, alhali kowa ya gane. Ladan ya ce wannan ai abin tausayi ne.

"Abin tausayin ne mana, Baban Umaima," in ji ta. "Shi ya sa yake da ban dariya."

Ya ce ta sake faɗa a hankali. Ta ce in an faɗa a hankali ba ya fitowa, ta koma kan alayyafonta.

Ya kwana biyu yana juya maganar a kan teburinsa, ya kasa kama ta. Abin da ya kama ɗaya ne: ya san kowane wuri da dariyar take tashi, kamar yadda ya san kowace kwana ta hanyar gidansa. Tunda mutane suna buƙatar wanda zai fara, to shi zai fara musu.

Alhamis ta biyu ɗakin ya cika fiye da yadda aka saba. Labari ya zaga cewa an gano wani abu a cikin Mai Laima. Dattawan layin goro sun zo da wasu abokansu da ba su taɓa shiga gidan kallo ba. Malam Badaru ya nemi a maimaita kashin bikin, don waɗanda ba su gani ba su gani da idonsu. Khamisu da mutanensa suna baya, sun harɗe hannu.

Aka zo wurin. Maƙwabci ya karɓi laimomi ya juya. Aka tsaya a kan fuskar Baturen. Ladan ya ja numfashi, ya kai makirufo baki, ya yi dariya. Sifikar da Shamsu ya ƙara wa murya tun wancan makon ta ɗauke ta ta watsa har titi. Dariya ce ta mutum ɗaya, busasshiya, kuma ya ci gaba da ita daidai tsawon da ya tuna Turawan suna yi. Wani ɗan dako ya fara tayawa, ya duba gefe da gefe, ya haɗiye.

Malam Badaru ya miƙe, abin da ba ya yi sai an gama.

"Malam Ladan, an wulaƙanta mutum a ƙofar shagonsa, kai kuma kana da lasifika. Da ba mu sani ba, an rufe mana da hayaniya. Yau da muka sani fa?"

"Baba, wasa ne. Don a yi dariya aka yi shi."

"Wa ya ce?"

"Su da suka yi shi."

"Ina suke?" in ji Malam Badaru, yana nuna akwatin. Ba kowa a ciki sai Mai Laima, yana gyara sauran laimomin da suka rage a kan kanta.

Daga baya Khamisu ya ce a dawo musu da wasansu yadda yake, ko a sa ƙwallo. Wani dattijo ya ce yara su yi shiru manya suna magana. Khamisu ya ce shi yana da 'ya'ya uku a Kazaure. Murya ta fara tashi ta kowane gefe. Shamsu ya kashe talabijin, ya zare wayar makirufon daga hannun Ladan, ya naɗe, ya sa a durowa.

Washegari bayan sallar Juma'a Shamsu ya kira Ladan ofishinsa, wato kujera biyu a bayan labule. Ya ce ya yi magana da Ridwanu, kuma Ridwanu ya ce samo wani kwafin mai dariya ba wuya ba ne, aikin yini ɗaya ne. Amma shi Shamsu ya yi tunani a kan abin da ya gani. In dariyar Turawa ce take sa mutane dariya, to in ta dawo za su yi dariyarsu ko da fassara ko babu, kuma Malam Badaru ya riga ya rantse ba zai sake zama a yi wa bawan Allahn nan dariya ba, bencin gaba kuma zai bi shi. In kuwa aka bar shi shiru, ba mai gane komai sai da Ladan, dattawa za su cika ɗaki, amma 'yan Mile 12 sun tafi, kuma ba zai iya rubuta wasan barkwanci a allon ƙofa ba.

"Oga, ni wanne kake so in ce?" in ji Ladan.

"Kai ne kake jin Turanci, Malam Ladan. Ka faɗa mini abu ɗaya kawai. Wasan nan na dariya ne, ko ba na dariya ba ne? Abin da ka ce shi zan rubuta."

Ladan ya ga inda kowace amsa take kai shi. In ya ce na dariya ne, ya faɗi abin da ya yi imani da shi shekara da shekaru, kuma kujerarsa ta zama ba ta da amfani. In ya ce ba na dariya ba ne, kujerar tana nan, sai dai zai zauna kowace Alhamis yana karanta wa dattawa ƙarar wani Bature da ba a gayyata biki ba. Abin da ya fi damunsa shi ne ko da ba kujerar a ciki, bai san amsar ba. Ya ce a ba shi lokaci. Shamsu ya ce allon yana jira.

Tun ranar yana kunna kashin bikin a wayarsa in ciniki ya yi sauƙi. Wani lokaci yakan ji wani abu ya taso masa a ƙirji daidai inda Baturen yake duba sama, amma kafin ya tantance ko dariya ce, ta koma. Ni'ima, in tana wucewa ta jiyo muryar maƙwabcin yana neman aron laima, tun kafin a zo wurin take fara murmushi.

Malam Badaru ya aiko a tambaya ko a kashi na gaba maƙwabcin ya zo ba da haƙuri. Ladan ya san bai zo ba, bai dai aika da amsa ba tukuna. Khamisu ya yi waya sau biyu yana tambayar Shamsu ko su shigo danfo ranar Alhamis.

Zuwa yammacin Laraba, allon ƙofar gidan kallon yana ɗauke da wasannin ƙwallo na Asabar da Lahadi da alli fari. Layin Alhamis ba a rubuta komai ba.