Taki Uku Bayan Turke

Wioleta ta sake auna tazarar da ƙafarta, ɗanta Tymek a saɓe. Daga jan turken da ke nuna iyakar gandun dajin zuwa gindin iccen, taki uku ne. Tun bara ƙwari suka kashe shi, ga shi dogo, ya karkato daidai kan ɗakin da yaron ke kwana.

Kawunta Bazyl, wanda ya shekara ashirin da shida yana gadin dajin, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce takardarta ta neman a sare iccen ta isa ofis tun kafin ƙanƙara ta narke, an kuma amsa cewa za a turo masu dubawa. Sai dai mujiya ta yi sheƙa a kogon iccen, babu mai zuwa sai 'ya'yanta sun tashi.

"To nawa ɗan fa, Kawu? Shi ma jira za a yi ya yi fiffike?"

Bai yi dariya ba. Ya maimaita mata abin da kowa a ƙauyen ya haddace: bayan turken nan ba a sara, ba a ɗauka, abin da ya mutu a bar shi ya faɗi inda ya ga dama. Ta ce ta sani, ita ma tana son dajin, a bakinsa aka haife ta. Amma rediyo ta ce jibi akwai iska mai ƙarfi, mijinta kuma yana Jamus wurin aiki.

"Ka ce ba ka gani ba. Zenon maƙwabci zai kayar da shi kafin ka sha shayi."

"Kututture ba ya ɓuya, 'yar nan. Zenon ya tafi kotu, ke ki bi shi, ni a kore ni."

Suka koma cikin gida. Ta ce to a mayar da gadon yaron ɗakin girki, can ne iccen ba zai kai ba. Suka cicciɓe shi, ya ƙi wuce ƙofa. Suka juya shi ta gefe, ya cije.

Bazyl ya fita wurin motarsa, ya dawo da zarto. Ta zaci iccen zai yanke, ta matsa ta ba shi hanyar ƙofar baya, wadda ke fita daji.

Bai dube ta ba. Ya durƙusa gaban gadon.

"Riƙe min ƙafar gadon nan da kyau," ya ce.