Katakon Vanakula

Malam Rabe yana da wani ɗan aibi wanda shi kansa ba ya musawa: in ana karanta sabuwar doka a taron malamai, shi ke fara gyaɗa kai tun ba a dire jimla ba. Ba wai ya yarda ba ne, kan ne ke riga shi. Ya haura arba'in, kuma a makarantar kuɗi irin tasu da ke unguwar Arawa a Gombe ya daɗe da lura cewa kan da ke gyaɗawa ya fi daɗewa a kan wuya.

Shi ne malamin Hausa, shi kaɗai, kuma ya san matsayinsa. Darasinsa ake dannewa in za a yi shara ko gwajin fareti. Duk farkon zango sai ya je gaban jadawalin darussa gabansa na faɗuwa, ya duba ko har yanzu Hausa na nan. Da ita yake ci da iyalinsa, bai iya wata sana'a ba.

Rannan Madam Dokas, shugabar makarantar, ta tara malamai. Ta ce mai makaranta, Hajiya Bashira, wadda harkar atamfa ba ta barin ta leƙowa, ta turo saƙo. Iyaye na ƙorafi wai suna biyan kuɗin Turanci, yara na komawa gida da Hausa. Don haka daga yau ba vanakula a cikin get. Ta ɗago wani ɗan katako mai igiya. Duk yaron da aka ji yana yare zai rataya shi a wuya har sai ya kama wani, wanda kuma aka tashi katakon na wuyansa shi zai wanke bayi.

"Wa zai kula mana da wannan?" in ji ta.

Kan Malam Rabe ya riga ya yi aikinsa.

"Madam, ai ga gwani nan," in ji Malam Joda, Bafulatanin da ke koyar da lissafi. "Ɓarawo shi ya san hanyar ɓarawo. Ko ba haka ba, Kaɗo?"

Aka yi dariya. Malam Rabe ya miƙe, ya karɓi katakon, ya yi godiya da Turanci. Ganin malamin Hausa da kansa ya juya harshe, sai kowa ya kama bakinsa. Daga ranar Hausa ta ƙaura daga ɗakin malamai.

Lissafin Malam Rabe mai sauƙi ne: in ya zama mai gadin doka, ba a korar mai gadi. Sai ya ɗauki abin da zafi. Kafin mako ya zagayo ya zama alƙali, ana kawo masa ƙara har bakin masallaci. Wanda ya ce "wallahi" ya yi vanakula? Ya yanke cewa Larabci ne, amma in an ja shi aka ce "wallahi tallahi" ya zama Hausa. Wanda aka taka wa ƙafa ya ce "wayyo" fa? Ya ce zafi ba hujja ba ne, Turawa ma ana taka su. Shari'ar da ta fi ba shi wuya ita ce ta "ba" ɗin nan da yaran Gombe ke maƙalawa a wutsiyar Turancinsu. Ya kwana biyu yana nazari, sannan ya haramta ta.

Wani yaro ɗan Borno, Abatcha, aka kawo an kama shi yana Barbarci a bayan aji. Ya rantse addu'a yake yi. Malam Rabe ba ya jin Barbarci, amma ya rataya masa katakon, ya ce in addu'a ce, Allah ya riga ya ji.

Makaranta ta yi tsit. Lokacin tara, yara na cin awara suna kallon bakin juna. Aminai suka daina zama tare, don amininka shi ya fi sanin inda zai tsokano ka ka yi suɓul da baka. Madam Dokas ta ce ba ta taɓa ganin tarbiyya irin wannan ba.

Malamai kuwa sai su sulale wajen get, gindin dogon yaro kusa da mai shayi, su yi Hausa da sauri da sauri kamar masu shan sigari a ɓoye. In Malam Rabe ya doso, hira ta mutu.

"Ku ci gaba mana," in ji shi. "Ai nan waje ne."

"Mun sani," in ji Joda. "Amma kunnenka ai da shi za ka koma ciki."

Saura darasinsa. Madam Dokas ta ce a ajin Hausa kam ba laifi a yi Hausa. Yara dai ba su yarda ba. Mutumin da ke farautarsu a baranda shi ne zai shigo aji yana murmushi ya ce su kawo karin magana? Kura ce ta ce wa akuya zo mu gaisa. Ya yi tambaya, shiru. Ya yi rantsuwa ba tarko ba ne, shiru. Da ya gaji, sai ya koma koyar da Hausar da Turanci, yana fassara musu karin magana ɗaya bayan ɗaya, su fito tsirara ba daɗi ba ma'ana, yara na kwafewa. A jarrabawar zango, da yawansu da Turanci suka amsa tambayoyin, wasu kuma suka miƙa takarda fara, wai gara faɗuwa da wankin bayi.

Ana gab da hutu Madam Dokas ta kira shi ofis. Ta yaba masa sosai, har ya fara jin daɗi. Sannan ta ce iyaye sun sake magana: don me za su biya kuɗin darasin da ake hukunta yaro a kansa, ga shi ma yaran faɗuwa suke yi? Zango mai zuwa za a cire Hausa a sa foniks, wato koyon lanƙwasa harshe irin na Turawa. Har an samo malami.

A karon farko kan Malam Rabe ya ƙi motsi. Ya nemi ganin Hajiya. Aka ce za ta zo ranar ba da sakamako.

Ya shirya jawabi, ya yi ta maimaita shi a kan babur tsakanin unguwarsu ta Malam Inna da Arawa har masu Keke Napep na kallonsa. Ya tono kalmomin da rabonsa da su tun yana kwaleji.

"Kaɗo, ka yi mata da Hausa mana," in ji Joda. "Ita ce fa kaɗai abin da ka iya."

"A cikin get? Gaban wadda ta kafa dokar? So kake ta ce ni ne munafukin farko?"

"To. Allah ya ba da sa'a, Bature."

Ranar ta zo. Hajiya Bashira na zaune a kujerar Madam Dokas, jaka a cinya, turarenta ya cika ofis. Malam Rabe ya rusuna, ya gyara murya, ya saki Turanci. Ya faɗi shekarun da ya yi yana bauta wa makarantar. Ya ce harshen uwa tushe ne, ya kawo misali da ƙasashen da suka ci gaba da yarensu. Ya ambaci 'ya'yansa da tsohuwarsa. Ya roƙi a bar masa ko da darasi ɗaya ne a mako, sauran lokacin ya ci gaba da riƙon katako. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Shi kansa ya yi mamakin kansa.

Hajiya ta saurara har ƙarshe, fuskarta a sake.

"Very good," in ji ta.

Ya fito zuciyarsa fara ƙal. Ya tsaya a bakin ƙofa yana share gumi, sai ya jiyo muryarta ta labule.

"Ke Dokas, wannan bawan Allah me yake ta zubawa ne?"

"Godiya yake yi, Hajiya. Bankwana."

"Allah sarki. Ji Turanci kamar famfo ya fashe! Irin waɗannan ai ba sa rasa aiki. A ba shi turmin atamfa ya kai wa iyali."

Malam Rabe ya ɗaga hannu zai yaye labulen. Magana biyu ta isa: Hajiya, ki yi wa Allah. Bakinsa har ya buɗe. Sai ya ga wata yarinya 'yar aji ɗaya, Ummi, tsaye a baranda, katakon na lilo a ƙirjinta. An kusa tashi, ba ta sami wanda za ta sauke wa ba. Ta zuba wa leɓunansa ido, ba ta ko ƙiftawa.

Ya rufe bakin. Ya sauke hannun, ya gyara hula, ya ce mata da Turanci ta koma aji. Ya jira a miƙo masa atamfar, ya ɗaure ta a bayan babur.

Saƙon da Hajiya ta turo a farkon zango, na murya ne, da Hausa ta yi shi, kuma yara kawai ta ambata.