Keken Inna a Rumfar Tela

Firji muka ɗauka bashi, biya wata-wata, don Inna ta riƙa sayar da ƙanƙara. Mai shagon ya ce sai da jingina, na kai masa keken ɗinkinta. Ya rantse zai kulle shi a sito, ko ƙuda ba zai sauka a kai ba. Mutum ne mai son wa'azi a bakin kanta. Kullum cewa yake da za a yanke hannun ɓarawo biyu, da gari ya yi lafiya.

Wata bakwai ina kai kuɗi ban saɓa rana ba, har watan da wuta ta ɗauke kwana biyar, ƙanƙara ta koma ruwa, muka koma cin abinci sau ɗaya.

Ran nan na ratsa layin teloli sai na ji wata ƙara da na sani tun ina goye. Keken Inna yana da ɗan tari in an taka shi. Na leƙa, ga waldar da marigayi Baba ya yi a ƙafarsa.

"Malam, ina ka samo wannan?"

"Haya nake biyan mai shagon firji, duk mako," in ji telan.

Na kwance kan keken, na ɗora a ka, na tafi gida.

Mai shago ya kai ni gaban alƙali yana kumfar baki. "Allah ya gafarta Malam, sata ce! 'Yar boko ce, ido ba kunya. A yanke!"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a tambaye shi daga ina na ɗauka."

"Daga ina?" in ji alƙali.

Da ƙyar mai wa'azin nan ya ce, "Wajen... wani tela."

"Sitonka ke nan?"

Alƙali ya ce kayanmu ne, ba haddi a kaina. Jingina amana ce, wanda ya ci ta shi ke da horo. Aka cire kuɗin hayar wata bakwai daga bashinmu, sauran bai kai na wata ɗaya ba. Na biya nan take.

A bakin ƙofa mai shagon ya ce, "Yarinya, ai da kin same ni mun sasanta."

"Baba, gode wa Allah," na ce, "da hannu biyu za ka koma gida."

Da aka dawo mana da ƙafar keken, Inna ta shafa masa mai, ta taka. Ya yi tarinsa.