Esin da Ba Ya Mutuwa Ran Lahadi

Shekara goma sha huɗu Layiwola yana gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a Abeokuta, bai taɓa haɗuwa da inji mai rainin wayo irin na gidan Baba Durojaiye ba. Muddin yana gidan, esin zai yi ta hura sanyi lafiya lau. Da zarar ya hau babur ya bar unguwar Itoku, kafin ya gama cin amala a bakin shago sai ga waya: ya sake ɗaukewa.

Esin irin na zamani ne, mai ƙara gudu da rage gudu da kansa. Irinsu ba sa yarda su ƙone. Idan kwamfareso, zuciyar injin, ya fara jan wuta fiye da ƙima, sai injin ya kashe kansa, ya bar wata lamba tana ƙyaftawa a goshinsa. Lambar nan Layiwola ya haddace ta har ta gundure shi. Abin da bai sani ba shi ne me ke sa injin haɗamar wuta.

Kuma ba esin jin daɗi ba ne. Baba Durojaiye ya yi wata bakwai a kwance da shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce zafi da gumi ne ke buɗe masa gyambo a baya. Shi ya sa 'yarsa Mojirayo, da ke aiki a Legas, ta sa aka kafa injin a ɗakinsa. Ran Laraba ta kira Layiwola, ko gaisuwar kirki babu.

"Injiniya, ka saurare ni da kyau. Ran Asabar zan zo da mota. In na tarar da abin nan yana wasa da ran ubana, na ɗauke shi zuwa Legas. Mama ta zauna da tukwanen shuninta in ta ga dama."

"Haba Anti, a ƙara min ko mako guda."

"Na ba ka uku. Me ka yi da su?"

To, gaskiya ya yi abubuwa da su, kada a zalunce shi. Ya auna wutar gari, ta cika. Ya auna wayoyi ukun nan na kwamfareso, duk kansu ɗaya. Ya duba gas, bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba. Fankar waje tana juyawa sumul. Har allon wuta ya cire ya sa na aro, bai canza komai ba. Ya wanke injin waje, wato rabin esin da ke bayan ɗaki, ruwan ya fito shuɗi, amma bai kawo komai a ransa ba, don gidan marina ne, ko kajin gidan ƙafafunsu shuɗaye ne.

Ran Alhamis ya sake komawa. Matar gidan, wadda kowa ke kira Iya Alaro saboda sana'ar rini, ta tare shi a tsakar gida, hannayenta shuɗi har gwiwa. Ya kwanta ya gaishe ta.

"Tashi ɗana, kar ka share min ƙasa da ƙirji. Yau ma ka zo gaida abokinka? Ga shi can yana ta waƙa, ya ji ƙamshinka."

"Mama, jiya ƙarfe nawa ya mutu?"

"Ni agogo ce? Bayan ka tafi dai."

Ya shiga ɗakin Baba. Tsohon yana kwance, cokali a hannunsa mai lafiya. Da shi yake buga ƙarfen gado idan yana son wani abu, don muryar ta zama 'yar siririya. Layiwola ya durƙusa ya kawo kunne kusa.

"Baba, akwai ranar da abin nan ba ya mutuwa?"

Tsohon ya daɗe yana tattaro kalmar. "Lahadi," in ji shi.

Layiwola ya fito yana juya maganar. Ikon Allah! Inji dai ba ya zuwa coci. Wuta ba ta san Lahadi ba, gas ma haka. Ya zagaya bayan ɗakin ya tsuguna gaban injin waje, wanda aka kewaye da kejin ƙarfe saboda ɓarayi. Wannan karon bai buɗe komai ba, kallo kawai ya yi. A kan sandar kejin ta sama ya ga wani farin abu ya bushe ɗige-ɗige. Ya kankaro da farce ya ɗanɗana. Ƙullun rogo ne, wanda masu rini ke zana ado da shi a kan yadi kafin a tsoma a shuni. Ya tofar, ya yi sallama, ya tayar da babur da ƙarfi yadda duk layin zai ji.

Bai yi nisa ba. Ya ajiye babur wajen mai facin taya, ya sayi gasasshiyar ayaba ya ci a tsaye, ya bar rabin awa ta wuce. Sannan ya biyo lungun baya a ƙafa, mitarsa ta auna wuta a aljihu, yana sanɗa sai ka ce ɓarawon kaza.

Da ya leƙa ta ƙofar baya bai ga injin ba sam. Yadi uku manya, jiƙe da ƙullu, an lulluɓe kejin da su gaba da baya, an danne da duwatsu. Yadin gaba yana kumbura yana saɓewa. Iya Alaro na zaune a kujera 'yar tsugunno dab da tagar mijinta, tana zana wani yadin da gashin kaza.

Tana ɗaga ido ta yi tsalle ta tare yadin da jikinta.

"Kai! Rufe idonka! Wa ya aiko ka? Sabon ado ne, ko kasuwa bai gani ba!"

Sai a lokacin Layiwola ya gane. A Itoku ba a barin baƙo ya ga adon da bai fita ba, in ba haka ba gobe ka gan shi a rumfa goma. Ashe duk ranar da ta ji ƙarar baburinsa sai ta kwashe yadinta ta ɓoye. Ran Lahadi kuwa ba ta taɓa aiki.

"Mama, ni ko an ɗora min wuƙa a wuya ba zan iya zana ƙadangare ba. Zo ki ga wani abu."

Ya ɗaga gefen yadin, ya maƙala bakin mita a wayar wutar injin, ya miƙa mata. Lamba tana hawa: tara, goma, sha ɗaya. Ya yaye yadin gaba ɗaya. Iska mai zafi ta bugo su, lambar ta fara sauka har ta tsaya a biyar.

"Zafin da ya kwaso daga ɗakin Baba, ta nan yake zubar da shi. In aka toshe masa hanci sai ya yi ta kokawa yana jan wuta, har ya ga zai ƙone, ya kashe kansa."

Ta daɗe tana kallon mitar.

"Ƙullun ba ya bushewa a wannan damshin," ta ce a hankali. "Da can fili nake kaiwa, bayan makaranta. In na je can ba na jin cokalinsa. Sai na ga abin nan yana hura iska mai ɗumi a banza, na ce Allah ne ya kawo min." Ta goge ido da bayan hannu, ta bar shuɗi a kumatu. "Ashe da hannuna nake tura shi Legas."

Tausayi ya kama Layiwola har ya rasa inda zai sa idonsa. Sai ya ce ta ba shi igiya. Ya ɗaura daga bishiyar gwaiba zuwa ƙusar bango, taku biyu daga injin, suka shanya yadi. Lamba ta ɗan hau. Ya matsar zuwa taku huɗu. Lamba ta zauna a biyar, yadin kuma yana kaɗawa a iska mai ɗumi.

"Riƙe mitar nan, Mama, ki zama injiniya. Ni zan koma rini."

"Da waɗannan hannayen naka kamar na mai fasa dutse? Allah ya kiyaye yadin mutane."

Suka zauna suna gadi. Ƙarfe ɗaya ta wuce, biyu ta wuce, uku ta wuce, injin bai ko yi tari ba. Ya ciro waya zai kira Mojirayo, yana shirya yadda zai ce iska ce kawai ta yi wa injin kaɗan, sai Iya Alaro ta fizge.

"Moji, ni ce. Ba injin ba ne, ba yaron mutane ba ne, uwarki ce. Ki zo Asabar ki yi min faɗan ki ci abinci, amma ubanki ba inda za shi."

Kafin 'yar ta amsa sai ga ƙarar cokali a ƙarfen gado, kwal, kwal, kwal. Iya Alaro ta cilla wa Layiwola wayar ta ruga, shi ma ya bi ta. Ta sunkuya ta kai kunne bakin mijinta. Sai ta miƙe tana dariya, hawaye na zuba.

"Me ya ce, Mama?"

"Wai sanyi yake ji. Wai a lulluɓe shi."

Ta buɗe akwati ta ɗauko yadi mafi kyau cikin waɗanda ta rina, ta rufa masa har wuya, ta zauna a bakin gadon.