Katifa a Jikin Ƙofa

Kai ma ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Ranar da kamfani ya sanar cewa Auta ce gwarzuwar wata, wadda layinta ya fi na kowa shiru tun da aka koma aiki daga gida, har da kai a masu tura mata hoton tafi. Ba ka tambayi yadda gidan da ke da tsoho marar lafiya ya yi tsit haka ba.

Aikin Auta amsa kiran masu ƙorafi ne a wani kamfanin sayar da kayan lantarki. Ana naɗar kowane kira, kuma na'ura na saurare. Carar zakara, ƙarar injin maƙwabta, muryar wani a bayanta, duk rage maki ne. Barin mai ƙorafi a kan layi kuwa takardar gargaɗi ce. Auta tana da biyu, duka saboda ta tashi ta duba mahaifinta. Ta uku sallama ce.

Shi ya sa ta kwashe kwamfutarta ta koma ɗakin ajiya, tsakanin tsofaffin akwatuna da keken ɗinkin marigayiya Mama. Ta jingina katifa a jikin ƙofa daga ciki, ta cusa tsumma a ƙasa.

Baba, tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, muryarsa ba ta wuce ɗakinsa. Idan yana son ruwa ko banɗaki, cokali yake bugawa a jikin kofin silba.

"Auta, kin zama ɓera ke nan?" ya ce wata rana da safe, tana gyara masa matashi. "Kullum cikin sito."

"Ɓera mai digiri, Baba."

"To in na buga, ɓeran zai ji?"

"Kunne ɗaya nasu, ɗaya naka. Ka buga kawai."

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi wani dattijo ya kira, firijinsa ya daina sanyi. Bai tsaya a firijin ba. Ya bi ta kan ranar da ya saye shi, da surukinsa da ya ba shi shawara, da naman da ya lalace. Auta na cewa "na fahimta, ranka ya daɗe" sai ta tuna da Baba. Rabonta da jin cokalin tun ƙarfe tara. Baba kuwa ba ya awa guda bai buga ba, ko don ya tambayi ƙarfe nawa.

Ta ɗaga abin sauraren daga kunne ɗaya. Shiru.

Ta rubuta wa shugabar sashensu: "Madam, don Allah minti biyu." Amsa ta zo nan take: "Mutum tara ke jira a layi. Daure zuwa sha biyu da rabi." Ta rubuta wa yayanta da ke gareji, ya ce, "Baba barci yake. Ke dai kin cika tsoro."

"'Yata, kina jina kuwa?" in ji dattijon.

"Ina jin ka, ranka ya daɗe."

Sai ta ji sanyi a yatsun ƙafarta. Ta duba. Tsumman da ke ƙasan ƙofa ya jiƙe sharkaf, ruwa na silalowa ta ƙarƙashin katifa. Famfo ɗaya ne a wannan ɓangaren gidan, na banɗaki, kuma da hannunta ta rufe shi da safe.

Amma ba ta tashi ba. Agogon kwamfuta ya nuna ta yi minti huɗu cur a kujerar nan, ruwa na kewaye ƙafafunta, tana karanta wa mutumin yadda ake cire filogi a mayar. Tana tsoron abin da ke bayan ƙofa, tana tsoron takarda ta uku.

Da ruwan ya taɓa wayar caji, ta fizge abin sauraren, ta ture katifar, ta fita a guje.

Gadon Baba babu kowa. Kofin da cokalin na nan kan tebur yadda ta ajiye su. A banɗaki ta same shi kwance a ƙasa, ƙafarsa a karkace, goshinsa ya fashe, famfon da ya riƙe lokacin da ya zame yana ta zuba. Ta ƙwalla ƙara.

"Baba! Baba, buɗe ido! Me ya sa ba ka buga ba?"

Ya daɗe kafin ya haɗa maganar. "Jiya... na ji kina gaya wa yayanki... saura takarda ɗaya."

Maƙwabta ne suka taimaka aka kai shi asibiti. Likita ya ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma a shekarunsa ba a yi alkawarin zai sake tsayawa ba. Tana zaune a benci, siket ɗinta bai bushe ba, saƙo ya shigo wayarta: ta bar abokin ciniki a kan layi, kuma an naɗi ihu a bayan kira. Gargaɗi na uku.

Yanzu ina magana da kai, mai duba maki daga kujerarka. Kana da mutane a ƙarƙashinka da ke aiki daga ɗakunan da ba ka taɓa gani ba. Ka kira su yau, ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi wa ke gidan tare da su. Sannan ka rubuta, ka sa hannu, cewa duk wanda ya tashi don ya duba nasa ba za a hukunta shi ba. Kada ka kai gobe.