Sabon Bakin Mai Gyaran Agogo

Shekara goma sha tara matar mai gyaran agogo tana waƙa in tana shara, shi kuma yana ji bai taɓa cewa uffan ba. Sai ranar da abokansa biyu suka zo masa yini. Suna zaune a falo muryarta ta taso daga tsakar gida, shi kuwa don ya ba su dariya ya ce, "Kar ku damu, ƙyauren banɗaki ne yake neman mai." Suka yi ta dariya har ɗaya ya ƙware da shayi. Ita ma ta ji. Tsintsiya ta ci gaba da aikinta, waƙa ta tsaya cak, daga ranar ba ta ƙara rerawa ba.

Maganar gaskiya, muryar ba ta da daɗi, ko uwarta ba za ta yi musu ba. Amma ƙarfe bakwai daidai take farawa, har da ita yake saita agogunan mutane. Da gidan ya yi tsit sai kewa ta kama shi, kewa sosai, irin mai hana cin abinci. A kwana na uku ya fara zuwa yana buɗe ƙyauren banɗakin yana rufewa don dai ya ji wani abu. A kwana na huɗu ta zuba wa ƙyauren mai.

Kowa ya san maganin abin, ya ce ta yi haƙuri, shi ke nan. To amma mutumin nan ko agogon da ya gyara ya yi latti, cewa yake mai shi ne ya cika sauri.

Ana haka ƙanwarsa ta zo shago karɓar agogonta. A ɗakin bincike na asibiti take aiki, inda ake yanko ɗan nama siriri a duba a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Ta ga yana taɓa kumatu, ya ce cizon kansa ya yi.

"Zai warke, Yaya," ta ce. "Fatar cikin baki ba ta daɗewa. Kamar sati biyu ta saman nan duk ta zube, sabuwa ta maye gurbinta."

Ya ajiye ɗan sukudirebansa a hankali. "Duka?"

"Ta saman dai."

Bai ji wannan ƙarshen ba, domin ya riga ya juya yana ƙirga kwanaki a kalanda.

Ranar da sati biyu suka cika ya goge haƙora sau biyu, ya sa riga mai guga, ya tsaya a ƙofar kicin ya yi gyaran murya.

"Maman yara, na zo da albishir. Bakin da ya faɗi maganar nan ba ya nan. Ya zube. Likitoci sun tabbatar. Wannan da kike gani sabo ne fil, bai san komai ba."

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Sannan ta goge hannu ta ce, "To, sannu da zuwa, Malam. Shigo falo."

Ta zaunar da shi a kujerar baƙi, wadda ba a cire wa leda ba. Ta kawo masa ruwa a kofin baƙi, a kan faranti. Ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi iyali.

"Wane irin iyali? Ni ne fa."

"Ai ban san ka ba, Malam. Bakin da ya ce yana so na shekara goma sha tara da suka wuce, ka ga shi ma ya daɗe da zubewa. Ka sha ruwa, in mai gidan ya dawo zan ce ka zo."

Kwana biyu yana baƙunta a gidansa. Ko gishiri ya nema sai ta ce, "Kar ka ji kunya, Malam, ka ɗauka nan gida ne." Ranar ta uku ya rufe shago ya nufi asibiti, ya ce wa ƙanwarsa ta ba shi takarda mai hatimi cewa baki sabo ne, miji kuma tsoho.

Ta yi dariya har ta dafa tebur. Sannan ta ɗora wani ɗan gilashi mai ɗauke da yankin fatar baki a ƙarƙashin madubin ta ce ya leƙa. Ya ga ƙananan abubuwa jere hawa-hawa kamar bulo, na sama sun baje, na ƙasa a tsaye cunkus.

"Na saman su ne masu zubewa," ta ce. "Amma dubi layin ƙasa. A cikinsu akwai iyaye. In ɗaya ta rabu biyu, ɗaya ta hau sama ta yi aiki ta zube, ɗayar ta zauna a gida don ta sake haihuwa. Shi ya sa ba sa ƙarewa."

"Kullum haka?"

"Ba kullum ba. Wani lokaci duka biyun su tafi."

Ya ɗago da sauri. "Yauwa. Tawa mai laifin da ita da 'yarta duk sun tafi."

"In sun tafi, ta kusa da ita ce take rabuwa biyu, duka su zauna su cike gurbin. Ita ma taka ce, Yaya. Dangi ɗaya ne tun kana ciki. Sabon bakinka jikan tsohon ne, kuma da ganin yadda yake gardama ka san bai bar gida ba."

Ya sake leƙawa ya daɗe. Layin ƙasan nan bai yi kama da masu shirin tafiya ko'ina ba. Ya ji kunya ta rufe shi, ya ɗauki hularsa ya fita ba takarda.

Ya sami matarsa tana shara shiru. Bai shiga falo ba, a tsakar gida ya tsaya.

"Maman yara, ni ne na faɗa. Ki yi haƙuri. Gidan nan ba ya zaunuwa in ba kya waƙa."

Ta jingina da tsintsiya. "Wane bakin ne yake magana? Kar nan da sati biyu a ce mini mai ba da haƙurin ma ya zube."

"Daga can ƙasa ta fito, wurin waɗanda ba sa tafiya."

"To. Duk sati biyu, in sabon ya iso, ka kawo shi ya maimaita."

Ya ce ya yarda. Ya je ya zana da'ira a kalanda, ya ƙara wata, har ƙarshen shekara.

Washegari ƙarfe bakwai ta wuce da minti ɗaya, da minti biyu, yana zaune da agogon wani a hannu bai iya taɓa shi ba. Da minti huɗu muryar ta taso, a karkace kamar kullum, har kazar maƙwabta ta tsorata. Ya share ido da bayan hannu, ya mayar da dogon hannun agogon baya, ya saita shi a kan bakwai daidai.